Ganuwa, Rufewa da Akushi: Waiwaye a Kan Zurmi, Ƙaura Namoda da Shinkafi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muke koyarwa a makarantun sakandare mun sha ganin gaskiyar wannan magana a cikin aji. Akwai ranar da muka sa ɗalibanmu kowa ya zana taswirar garinsu, ya nuna inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi suke. Mafi yawansu suka zana titin mota da gidan mai da tasha, suka miƙo takarda. Da muka tambaye su ina ganuwar, sai wani ya ce mana ai wannan a Kano take. Yaron nan kuwa kullum safiya ta kan tudun tsohuwar ganuwar garinsu yake ratsowa ya zo makaranta.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu ɗan waiwayi garuruwa uku na arewacin Zamfara, wato Zurmi da Ƙaura Namoda da Shinkafi, mu dubi gininsu da abincinsu da ƙasar da ta kewaye su. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, waɗannan abubuwa uku tafiyarsu ɗaya. Da ƙasar bakin gulbi aka yi ganuwa, daga gonar bayan ganuwa aka cika rufewa, daga rufewa kuma aka cika akushi. Duk lokacin da aka raba gari da dajinsa, to ginin da abincin da al'adar gaba ɗaya sukan shiga wani hali.

Shimfiɗar Ƙasar

Wanda ya taso daga Gusau ya nufi arewa, Ƙaura Namoda zai fara isa, a bakin Gulbin Gagare. A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta karkata gabas maso arewa ta bi ta Zurmi, ta wuce Jibiya har Katsina. Ɗayar kuma ta miƙe arewa zuwa Shinkafi, daga nan sai Isa da Sabon Birni, har iyakar Nijar. Zurmi tana bakin Gulbin Bunsuru ne. Gagare da Bunsuru duka arewa suke gangarawa, ruwansu ya ƙare a Gulbin Rima.

Ƙasa iri uku ce a wannan yanki. Akwai jigawa mai rairayi inda gero da maiwa da wake da gyaɗa suke yi. Akwai fadama ta bakin gulabe, mai laka, inda ake shinkafa da damina, da rani kuma a yi albasa da taba da rake da kayan miya. Sa'an nan akwai duwatsu da dazuzzuka, musamman ta gabas wajen iyakar Katsina, inda makiyaya suka daɗe suna kiwo. Manomin jigawa yana bukatar takin shanun Bafillace, Bafillace yana bukatar karan gona da rijiyar gari, su biyun kuma suna bukatar kasuwa. A kan wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka aka kafa garuruwan nan.

Daga Dutsi Zuwa Alƙalawa

Tarihin baka na Zamfarawa ya nuna cewa a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu, sarautar Zamfara ta fara, kuma Dakka ne sarkin farko. Akwai wasu manyan kaburbura a can da ake dangantawa da sarakunan farko. Zaɓen wurin ma abin lura ne, domin mutanen farko dutse suka mayar ganuwarsu kafin su iya tayar da ta ƙasa. Daga baya aka gangara fili aka gina Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yau, inda fadama take da yalwa.

A farkon shekarun 1760 Gobirawa, waɗanda Zamfarawa suka saukar a matsayin baƙi, suka juya wa masu masaukinsu. Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka mayar da Alƙalawa babban birninsu, sarautar Zamfara kuwa ta koma gudun hijira, ta zauna Kiyawa na wani lokaci, daga ƙarshe ta tabbata a Anka. Wanda yake son cikakken bayanin wannan zamani sai ya nemi aikin Dakta Garba Nadama na digirin digirgir, wanda ya kammala a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, tun daga faɗuwar Birnin Zamfara wannan yanki ya zama bakin daga, kuma haka ya zauna fiye da shekara ɗari.

Zurmi: Garin Ganuwa

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, Fulani Alibawa na wannan yanki suna cikin waɗanda suka ba da goyon baya. A 1806 aka gwabza a Fafara, kusa da Zurmi, inda Muhammadu Namoda ya karya rundunar Gobirawa da Azbinawa da magoya bayansu. A 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi, Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa, Namoda yana cikin shugabannin yaƙin. Daga nan Zurmi ta zama mazaunin mai riƙe da sarautar Sarkin Zamfara a ƙarƙashin Sakkwato, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Zamfaran Zurmi.

Mun yi sa'a wani Bature matafiyi, Kyaftin Hugh Clapperton, ya ratsa ta Zurmi a 1824, ya kuma rubuta yadda ya gan ta. Bisa bayaninsa, gulbi ya kusa kewaye garin, gaɓarsa tana da tsawo da gangare, cike da ƙaya, sai wata siririyar hanya mai kwane-kwane da take kaiwa ƙofa. Ganuwar ta ƙasa ce, tsayinta ƙafa 20 zuwa 30, da gwalalo a bayanta. Ya kuma ambata cewa bayi da suka gudo daga sassan ƙasar Hausa sukan sami mafaka a Zurmi. Shekara 29 bayan haka, a 1853, Heinrich Barth ya bi ta nan a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya tarar garin yana da muhimmanci, amma kullum cikin fafatawa yake da Gobirawa da Maraɗawa masu kawo hari daga arewa.

Ya kamata mu tsaya mu yi tunanin abin da ganuwa mai ƙafa 30 take nufi. Babu mota, babu injin tono. Da dagi da galma aka haƙo ƙasar, a kai aka ɗauko ta, da ƙafa aka cuɗa ta, da hannu aka mulmula tubali ɗaya bayan ɗaya aka shanya. Ramin da aka ɗebi ƙasar shi ya zama gwalalo, na cikin gari kuma ya zama kududdufi mai tara ruwan damina. Kuma ganuwa ba a gama ta, domin kowace damina sai ta zaizaye, kowane rani sai an yi gayya an gyara. Saboda haka tsayin ganuwar gari ma'auni ne na yawan mutanensa da haɗin kansu da kuma yawan hatsin da za a ciyar da masu aikin.

Har ila yau, al'adar biranen Hausa ce a bar fili a cikin ganuwa, inda za a yi ɗan noma, a kuma shigo da mutanen ƙauye da dabbobinsu idan an ji ƙugen yaƙi. Magabatanmu sun san cewa ganuwa tana tsare rai na 'yan kwanaki ne kawai. In zaman ya yi tsawo, aka hana manomi fita, yunwa za ta ci garin da mashi bai ci ba.

Maginin Gargajiya da Kayan Aikinsa

Kusan duk abin da magini yake bukata a bayan gari yake samun sa. Ƙasa da ciyawar da ake cuɗawa da ita suna nan kusa. Azara daga giginya ake tsaga ta, domin gara ba ta cika cin ta ba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta a shafe bango da daɓe. Laso kuwa, wanda yake hana rufin soro yoyo, da katsin marina da gashin majema da dafara ake haɗa shi. Wato soro guda ya haɗa magini da marini da majemi da mai saran itace.

Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, sai magina suka ƙirƙiro dabarar baka, suna jera azara suna ɗaurewa, tana lanƙwasowa daga bango zuwa bango har ta haɗu a tsakiya. Daga nan aka sami bakan gizo da ɗaurin guga da muke gani a zaurukan sarakuna da tsofaffin masallatai. A saman bango a yi zanko, a gefe a sa indararo. Bango mai kauri yana hana zafin rana shiga da wuri, da dare kuma ya riƙe ɗumi a lokacin hunturu. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a zauren ƙasa cikin watan bazara, sa'an nan ya gwada ta a ɗakin kwano, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Amma a ganinmu, ginin da ya fi kowane bayyana halin mutanen wannan yanki shi ne rufewa, ko ruhewa a bakin mutanenmu. A ɗora ta bisa duwatsu don gudun laima da ɓera, a gina ta da laka siririya kamar tukunya, a kifa mata hular ciyawa. A da, ba a auna magidanci da kyan zaurensa kamar yadda ake auna shi da yawan rufewarsa, da kuma ko akwai damman bara a ciki lokacin da sabon gero ya nuna.

Ƙaura Namoda: Garin Ƙarshen Dogo

Namoda ne ya kafa Ƙaura, sunansa kuma garin yake ɗauke da shi. Ya rasu wajajen 1810 a yaƙin Kiyawa, kuma sarautar garin har gobe Sarkin Kiyawa ake ce mata. A ƙarni na 19 Ƙaura zango ce babba a kan hanyar Sakkwato zuwa Kano, ta fatake da ta mayaƙa. A nan Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya rasu a 1891 yana cikin tafiyar yaƙi. A 1903 ma ta nan rundunar Turawa ta bi daga Kano zuwa Sakkwato.

Abin da ya sauya kamannin Ƙaura shi ne dogo. A 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙaura, a nan kuma ta tsaya. Turawa sun shimfiɗa ta ne don kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Da yake nan ne ƙarshen dogo, sai kayan Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa, har da na ƙetaren iyaka, suka riƙa taruwa a Ƙaura a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu suka zo, Sabon Gari ya kafu.

Da jirgin ne kwano da siminti suka shigo da yawa. Attajirin da gyaɗa ta yi wa rana sai ya sauke rufin azara ya ɗora kwano, maƙwabcinsa ya gani ya yi sha'awa. Gyaɗar ta shiga tukunya ita ma: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa suka yawaita, mata masu matsar mai a cikin gida suka sami sana'a. Sai dai arzikin da ya zo a kan dogo, a kan dogo ya koma. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, jirgin kuma ya yi ta ja da baya har tasha ta yi tsit. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983 ita ta zo ta ba garin wata sabuwar madogara.

Shinkafi: Garin Fadama da Kasuwa

Sunan Shinkafi kansa shinkafa yake tuna wa mai ji, ƙasar kuwa ba ta ƙaryata sunan ba, domin fadama ce shimfiɗe. Kasuwanci a wannan sashe ya daɗe. A tafiyar nan tasa ta 1853, Barth ya yada zango a Badarawa, wadda take cikin ƙasar Shinkafi a yau, ya ga kasuwa mai cike da dubban mutane, auduga ce kan gaba a cikin hajarta, ga kuma albasa. Daga baya kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta gaji wannan matsayi, ta yi suna wajen shanu da raƙuma da tumaki da hatsi, masu saye suna zuwa daga kudancin Nijeriya, masu sayarwa daga Nijar.

A ƙasar Shinkafi ne kuma garin Tubali yake, mahaifar Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, mai Bakandamiya, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, ya kuma yi wa sarakunan Zurmi. Ita ma Zurmi ta fitar da Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta. Wanda ya saurari waɗannan mutane biyu da kunnen basira zai ji ƙasar nan a cikin waƙoƙinsu: gulbi da dawaki da fada a bakin ɗaya, daji da ƙarfe da farauta a bakin ɗayan. Zancensu karin harshen yankinsu ne tsantsa, ba su sauya shi don wani ba.

Abin da Ke Cikin Akushi

Abincin wannan yanki ɗan ƙasarsa ne. Jigawa ta ba da gero, gero ya ba da fura, wadda mutanenmu suke kira dawo kafin a dama ta. Nonon da za a dama ta da shi kuwa daga ruga yake zuwa, saboda haka ƙwaryar fura guda shaida ce ta zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi. Dawa ta ba da tuwo da hoce, wanda ake kwaɓa gari a gasa, a ci da miyar sure ko a sa a jaka a kama hanya. Akwai bula, curin gari da ake dafawa a ajiye cikin ruwa, ana sauya ruwan, ta yi kwanaki ba ta lalace ba. Fadama ta ba da tuwon shinkafa da masa, abincin sallah da saukar baƙo. Itatuwan gona suka ba da kuka da kalwa da tsamiya, bayan gida kuma ga zogale da rama da tafasa na kwaɗo.

In mai karatu ya lura, da yawa daga cikin waɗannan abinci masu jure ajiya ne: hoce, bula, gumba, kilishi, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa. Sun dace da mutanen da ruwan samansu na wata huɗu ne, waɗanda kuma suka saba da doguwar tafiya da zaman ko-ta-kwana.

Darasi Daga Wani Bango a Italiya

A birnin Siyana na ƙasar Italiya akwai wani zane a bangon zauren majalisar gari, wanda Ambrogio Lorenzetti ya yi a tsakanin 1338 da 1339. A gefe ɗaya ya zana gari a ƙarƙashin mulkin adalci: magina suna kan aiki, 'yan kasuwa suna ciniki, ƙofar ganuwa a buɗe, manoma suna shigowa da kaya a kan dabbobi, bayan gari kuma gonaki ne har iyakar gani. A saman gonakin ya zana wata siffa ya kira ta Aminci. A ɗaya gefen ya zana mulkin zalunci: gidaje suna rushewa, ƙauyuka suna cin wuta, gonaki babu kowa, siffar da take sama kuma sunanta Tsoro. Masu mulkin garin a wannan zaure suke zama, zanen yana kallonsu.

Mutanen Siyana sun riƙe tsohon garinsu na jan bulo har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Kada kuma a ce sai Turawa. Tsohon garin Agadas, na ƙasa ne kamar namu, ya shiga wannan jeri a 2013, mutanen Jenne a Mali kuwa kowace shekara gayya suke yi su yaɓe babban masallacinsu.

Mu a nan, tun wajajen 2011, gefen bangon nan na biyu muke gani da idonmu. Satar shanu ta zama kisa, kisa ya zama satar mutane, dazuzzukan da suke makiyaya suka zama maɓoyar 'yan bindiga. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun tattaru a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, kamar yadda kakanninsu suke gudowa cikin ganuwa, sai dai yanzu babu ganuwar, babu kuma filin noma a ciki. A 2021 har ta kai gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Duk wanda ya ga Shinkafi ranar Alhamis babu kasuwa ya san abin da ake nufi da raba gari da dajinsa.

Kammalawa

Maido da aminci aikin hukuma ne, kuma muna roƙon Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma akwai aikin da yake namu, mu masu alƙalami. Tsohon da ya san sunayen ƙofofin garinsu yana zaune yau a gidan wani a matsayin ɗan gudun hijira. Tsohuwar da ta iya hoce ta bar murhunta a ƙauyen da ba a iya komawa. Maginin da ya iya ɗaurin guga ɗansa bulo yake bugawa. Waɗannan mutane su ne littattafanmu, kuma kullum ana rufe ɗaya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, kowa ya ɗauki littafin rubutu ya nemi tsoho ɗaya. A tambaye shi ta ina ganuwa ta bi, wa ya gina zauren fada, yaya ake haɗa laso, wace rana kasuwar ƙauyensu take ci, wane iri ne na dawa suke shukawa. A rubuta da sunayen abubuwan yadda ya faɗe su, da Zamfarcinsa. Mai rubuta ƙagaggen labari kuma ya daure ya zaunar da taurarinsa a zauren ƙasa, ya ba su dawo da nono, maimakon kullum a kai su wani birnin da shi kansa bai taɓa gani ba.

Mu dai mun koma wa ɗaliban nan namu. Muka fita da su bayan makaranta, muka tsaya a kan tudun, muka ce su tona da tsinke. Da yaron nan ya ciro gutsuren tubali, ya juya shi a hannunsa, sai ya tambaye mu ko zai iya tafiya da shi gida ya nuna wa kakansa. Muka ce ya tafi da shi, amma gobe ya zo mana da abin da kakan ya faɗa, a rubuce.